Ƙugiyar Gashin Zabo

Kakata Hajo ba ta yin tatsuniya sai ta hura wutar banda. Bayan magariba takan jera tarwaɗa a kan raga, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, mu jikoki mu zauna muna share hawaye. Garinmu a bakin kogin Haɗeja yake, kowa ƙarnin kifi yake yi, har liman.

"Ga ta nan, ta fito daga ruwa jiƙe sharkaf."

"Ta zo ta sha wuta mu ji ta."

Akwai guda ɗaya da ba ta taɓa bayarwa a zaune ba. Sai ta miƙe, ta zaro kara daga danga, ta ɗaura masa zare.

Wai an yi wani masunci Tanko, mai ƙyashin tsiya. Ko tanar da zai soka a ƙugiya, baƙin ciki yake kifi ya ci. Ran nan ya ga kifin nan kawara na tsalle tana cafe farar da ta faɗo daga ciyawa, sai ya tsinci gashin zabo ya naɗe shi a ƙugiya da jan zare har ya yi kama da fara. Da ya jefa, ruwa ya ce fanjam, kifi suka watse. Ya yi ta gwadawa har hannunsa ya faɗa.

A nan Kaka ke miƙo mini karan.

"Ba jifan kare na ce ki yi ba, mai hannun taɓarya! Kai shi baya, ki tsaya. Bari zaren ya miƙe a bayanki tukuna. Yanzu turo gaba da wuyan hannu, ki tsaya daidai goshi. Zaren ya kwanta, gashin ya sauka daga ƙarshe, kamar ba aiko shi aka yi ba."

Sau da yawa nawa a cikin wutar banda yake sauka.

Tanko ya riƙa cika kwando. Amma kifin da yunwa ya mutu, cikinsa wayam, saboda haka duk wanda ya ci sai ya tashi da yunwar da ta fi wadda ya zauna da ita. 'Ya'yansa na ci suna ramewa. Gari ya gane, aka daina ko amsa masa sallama. Kaka kan tofar da yawu a toka ta ce, "Mai tana ma kashe shi yake yi, amma ai ya ba shi loma. Wannan fa? Tir! Ƙurunƙus, a juya mini kifin nan."

Ni dai a lokacin jifan kawai nake so.

Na girma, na yi aure a Kano, sai da na yaye na bakwai na shiga ajin yaƙi da jahilci. Wajen ƙarshen shekarun casa'in na fara zuwa birnin Guangzhou na ƙasar Sin saro kayan yara. Masaukina a unguwar Sanyuanli yake, inda jirgin sama ke wucewa kamar zai kwashe rufin. Matan unguwarmu a Kano sukan sayi kayana ko warwarewa ba sa yi. Wannan yardar ce iyakar jarina.

Wata tafiya, Sallah ta matso, dillalina Alhaji Sabi'u ya kai ni kasuwar tufafi ta Shisanhang. Shi karatu ya kawo shi, ya zauna. Na nemi irin rigunan da na saba ɗauka, lawban, wato mai shagon, ya girgiza kai.

"Meyo."

Babu ke nan. Ya jawo wasu masu walƙiya, kyau kamar a lashe. Ni kuwa na lasa, da ma haka nake gwada kaya. Na murza a bakin farin mayafina, ya rine ja.

"Haba Hajiya," in ji Sabi'u, "wa zai lashi riga a Kano? Sai an wanke za ta zuba, kafin nan an sauko daga Idi. Jirgin kaya kuma ba zai jira ki ba. Ko hannu biyu za ki koma wa matan?"

Wallahi sai na shiga lissafin yaran da za su tashi ba sabon kaya. Lawban ya ga ciniki ya tsaya, sai ya buɗe wani ɗan akwati don ya sa mu raha. Ƙugiyoyi ne a jere, kowace an naɗe ta da gashin tsuntsu. Ya ɗauko siririyar sanda mai zare ya fita lungu, a saman kawunan 'yan dako ya kai ta baya, ya tsaya, ya turo gaba. Zaren ya kwanta lumui a kan wani kwali. Sak jifan Kaka.

"Tambaye shi miyar me ake yi da kifin."

Sabi'u ya tambaya, ya yi dariya. "Wai ba ya ci. In ya kama, mayarwa yake ruwa."

"Ya yaga wa kifi baki da yunwarsa, don nishaɗi? Kai kuma kana washe haƙora. Kwashe tsummokaran nan daga gabana."

"Hajiya, za ki yi da-na-sani."

"Na yi a gidanmu."

Na koma da rabin kaya. Wasu matan sun yi fushi, Ladi maƙwabciyata ta daina gaishe ni, ta saya wa 'yan biyunta masu walƙiyar a wurin wani. Bayan Sallah na gan su a kan igiyarta, sun koɗe kamar tsumman goge tukunya. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, yaran nake tausayi.

Da ina zaton Kaka gargaɗi take mana kada mu zama kifi. A lungun nan na gane ba haka ba ne. Ba ta taɓa sa ni na yi tsallen kawara ba, karan take danƙa mini, don in san yadda jifan ke da daɗi a hannu tun kafin wani ya yi mini tayinsa.

Ladi ta dawo da babbar Sallah. Ta ɗauki riga za ta sa a jaka, na riƙe hannunta.

"Warware ki lasa."

"Haba Yaya, kayanki ne fa."

"Na ce ki lasa."