Baturen da Ke Gudun Jama'a

A duk shekarun da na yi ina tuƙa yalo-yalo a Tamale, akwai ranar da ba ta taɓa fita raina ba, wato ranar da aka haɗa ni da Baturen da ba ya son ganin mutane. Ku 'yan tasha kun sha tambayata yadda na sami ƙofar Hajiya. Tunda yanzu hannuna ya fara sabawa da biro a ajin manya, ga shi na rubuta muku. In kun karanta ku bar ni in huta.

Ga wanda bai san aikin ba, yalo-yalo keken nan ne mai ƙafa uku da muke ɗaukar fasinja da shi. Yawancinmu layi muke bi a tasha, ciyaman yana kiran na gaba. Amma wanda ya sami ƙofar gidan saukar baƙi ya huta da layi, domin baƙo ɗaya kan ɗauke shi yini guda. Hajiya tana da irin wannan gida a unguwar Jisonayili. Da direbanta ya koma tuƙa babbar mota, sai ta ce za ta gwada mu biyu, ni da Fuseini. Wanda baƙi suka yaba, ƙofa tasa ce. A watan Disamba ne, lokacin da masu yawon buɗe ido ke cika gari, duk inda ka juya sai ka ga bas tana sauke su.

Fuseini yana jin Turanci, kuma yana da sifika a kekensa. Ni haƙuri kawai gare ni. Shi aka fara ba Baturen, wani dogon tsoho mai kyamara a wuya da hular kaba mai faɗin faifai. Kafin azahar suka dawo ba mai yi wa wani magana. Washegari Hajiya ta kira ni.

Ta ce, "Malam Inusa, baƙon nan hoton gari yake so, amma ba ya son mutum ko ɗaya ya fito a ciki."

Na ce, "Hajiya, wane garin?"

"Tamale mana."

"To mutanen ina za mu kai su?"

Ta ce, "Wannan kuma aikinka ne. Fuseini ya kasa. In kai ma ka kasa, akwai wani direba a unguwar Sakasaka yana jira."

Muka fita da safe. A babban masallaci bas-bas sun riga mu, ana ta ɗaga waya sama ana ɗaukar hoto. A kasuwa ko sauka bai yi ba, ya ja hularsa ya rufe fuska. Saura wuri ɗaya, inda masu sana'ar hannu ke sayar da kwanduna da ganguna da jakunkunan fata. Babban titin zuwa can ya cushe. Sai na ce a raina bari in bi lungunan Moshi Zongo, inda bas ba ta shiga, in ɓullo da shi ba tare da ya ga kowa ba.

Moshi Zongo unguwarmu ce. Kuma a ranar ake sunan jikan kawuna, Kawu Seidu, wanda na riga na aika masa cewa aiki ya riƙe ni. Wannan duk ya fita kaina, sai da na sha kwana na ga rumfar kanofi ta tare hanya, kujerun roba ko'ina, mata sun yi anko ja da fari. Na kama birki zan juya, sai muryar Gwaggo, matar Kawu, ta tsaga wurin.

"Inusa! Ka ce ba ka zuwa, ashe Bature ka je ɗauko mana!"

Aka ɗauki guɗa.

Kun san tsarinmu. Ba ka wuce dattawa a zaune kana kan inji. Na sauka, na tuɓe takalmi, na tsuguna, ana tambayata gida da aiki da gajiya ina amsawa da naa, naa, kamar yadda ake amsa gaisuwa a nan. Baturen, ashe mutum ne mai ladabi, ya sauko ya tsuguna a gefena shi ma yana naa, naa. Da aka gama gaisuwa gwiwarsa ta ƙi miƙewa, sai da maza biyu suka ɗaga shi kamar buhun masara.

Makaɗa suka hango shi, suka zo suka kafa masa ganga a kunne. Ya ciro kuɗi ya miƙa don su tafi. Na ce masa a'a da hannu, amma ina, ya riga ya bayar. Wasu makaɗan da ke can ƙarshen layi suka taho da gudu. Aka zaunar da shi, aka ajiye masa tuwo da miyar ayoyo, aka ɗora masa jariri a cinya. Ya riƙe shi kamar an ba shi tiren ƙwai. Kawu Seidu kuwa hular kawai yake kallo, yana ta yabonta, har Baturen ya cire ya ba shi. Kawu ya ji kunya, ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar batakarinsa, rigar saƙin nan tamu, ya zura masa.

Da na samu muka miƙe, sai na ga Kawu ya riga mu shiga keke, ya kame a baya da hular kaba a kansa.

Na ce, "Kawu, ina zuwa?"

Ya ce, "Rakiya. Baƙon da ya ci tuwonmu ba ya fita unguwa shi kaɗai."

Na rage murya na ce, "Kawu, don Allah, mutumin nan gudun taro yake yi."

Ya ce, "To ai shi ya sa za mu raka shi, kada taro ya dame shi. Ja mu tafi."

Tunda Kawu ya tashi, kowa ya tashi. Mata masu anko suka hau baburansu bibbiyu, makaɗa suka ɗare bayan samari suna kiɗa a kan tafiya, yara suna bin mu da gudu suna ihun siliminga, wato Bature. Ga hon ta ko'ina. Ina tuƙi ina kallon madubi, Baturen ya matse a kusurwa cikin batakari, idonsa a rufe. Na ce shi ke nan, mutumin Sakasaka ya sami ƙofa.

Muna isa wurin masu sana'ar hannu, masu yawon buɗe ido da ke ciki suka ji ganga. Suka fito kamar an buɗe wa kaji akurki. Wani mai yi musu jagora yana ta ihu wai sarki ne ya zo. Kawu bai musa ba. Ya gyara zama, ya ɗaga hannu a hankali, hula tana rawa a kansa. Masu shaguna ma suka bar kayansu suka fito kallo.

Na juya in ba Baturen haƙuri, na ga wurinsa wayam. Na diro daga keke. Na kutsa ciki ina nemansa, sai ga shi a tsakar wurin shi kaɗai. Da batakarin nan ba wanda ya kula da fitarsa. Layin shaguna babu kowa sai wata akuya tana lasar ganga. Yana ta ɗaukar hoto yana dariya kamar yaro. Da ya gan ni ya yi mini alama da hannu in matsa, ina shiga hotonsa.

Da la'asar muka koma Jisonayili. Ya daɗe yana yi wa Hajiya bayani, yana nuna ni. Ni dai ina tsaye ina jiran sallama.

Hajiya ta juyo ta ce, "Ya ce duk yawonsa bai taɓa ganin direban da ya tara unguwa guda don ya janye masa taro ba. Har da sarki."

Na ce, "Hajiya, wallahi ban shirya ba. Suna ne, sarkin kuma kawuna ne, tela ne."

Ta ce, "Rufe bakinka. Ƙofa taka ce. Jibi abokansa biyu za su iso, su ma irin wannan suke so."

Na ce, "Hajiya, ina zan samo suna jibi?"

Ta ce, "Wannan kuma aikinka ne."

Abin da na koya ke nan, ku riƙe shi. A Tamale ba a guje wa taro, duk lungun da ka bi akwai wanda ya san ka. Abin da ake yi shi ne a ba taron wani abin kallo. Shi ya sa tun daga damina nake bin Moshi Zongo ina tambayar gidan da ake jiran haihuwa ko ɗaurin aure a Disamba, har matata ta fara yi mini wani irin kallo. Kawu Seidu kuwa hular tana nan rataye a shagonsa. Da ya ga bas ta farko ta shigo gari yake aiko mini cewa sarki ya shirya.