Shekarar da Aka Kawo Mana Kifi a Mota

Jiya da hantsi mai ruwa ya shigo layinmu, kurarsa ta ci karo da dutse, ruwan ya dinga kaɗawa cikin jarkoki yana dukan gefe. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, amma wannan ƙarar ta ɗauke ni ta mayar ƙauyenmu, ina yarinya, ranar da na fara ganin an ɗauko kifi da ransa a mota. Bari in ba ku labarin, don waɗanda suka gani da idonsu mun kusa ƙarewa.

Ƙauyenmu yana cikin fadama, in ka bar Wurno ka nufi Goronyo. Gidanmu gidan masunta ne, kakana na wajen uba kuma shi ne sarkin ruwa. Akwai wani babban tafki bayan gari, wanda gulbi ke cika shi duk damina, ya zo masa da kifi. In kaka ta wuce, kakana ne ke sa ranar su, wato kamun kifin gayya, gari duka a faɗa ruwa da goruna da homa. Da wannan tafki ake aure, da shi ake suna.

Sai aka jera shekaru ruwan sama yana ƙaranci. Tafkin ya janye har ya zama tsagaggen laka, har gaiwar da ke ɓuya a ƙasa aka tone aka cinye. Da damina mai kyau ta dawo, ya cika da ruwan sama, amma rairayi ya riga ya toshe hanyar da gulbi ke bi. Ga ruwa har bakin gaɓa, ba kifi ko na rantsuwa. Samarin gari suka fara ɗaure kaya za su Yawuri neman babban ruwa, babana ma ya ɗaure nasa. Inna kuwa ta daina waƙa in tana daka.

Ana cikin haka yaron hakimi ya zo da saƙo, bayan ƴan kwanaki sai ga motar En'e da duro-duro a baya. Wani malami ya sauko da leburori, ya ce gwamnati tana da wasu kududdufai inda take kiwon kifi kamar yadda ake kiwon kaji, ga ƴaƴan an kawo mana. Na yi ɗage na leƙa. Ƴan karfasa ne, ba su kai ɗan yatsana ba, suna ta wulgawa. Aka juye su a hankali, aka kafa turke mai jan fenti a bakin ruwa, aka ce daga yau ba homa, ba birgi, ba fatsa, sai an ba da izini. Kakana ya ce ya ji, ya kuma ɗauki alkawari gaban jama'a.

Da yamma ya kira babana ya ce ya kwance kayansa, ya dakata a ga abin da Allah zai yi. Babana bai iya yi masa musu ba. Ya zauna, amma ƙullin kayan yana nan rataye a ɗaki bai kwance ba.

Daga kasuwar Goronyo maganar ta taso. Wani ya ce ya san irin wannan, Turawa suna da ruwayen da suke zuba wa kifi don su zo ran Lahadi su yi fatsa ta nishaɗi, kuma duk ruwan da suka kafa wa turke ya zama nasu har abada. Kafin mako ya zagayo, zance ya koma wai sarkin ruwa ya sayar da tafki ga Nasara. Mutanen da ke cire takalmi su gaishe shi suka koma ɗaga hannu daga nesa. Ko a cikin gida bai tsira ba. Kakata takan ce, "Kihin da ya hau mota, ni da ban taɓa hawa ba? Ku dai ku ci abinku, ba da ni ba."

Wannan shekara mun san bado, mun san tafasa. Murhun banda na Inna ya yi sanyi har kaji suka mai da shi wurin ƙwai. Babana ya koma ƙodago a gonakin albasa, mutumin da aka san shi da jifan birgi. Yakan dawo da yamma ya wuce gaban mahaifinsa, ya gaishe shi a taƙaice.

Shi kuwa kakana kullum yana gindin wata giyayya a bakin tafki yana tsaro. Ni ke kai masa fura. Yakan tsokane ni da amarya, irin wasan kaka da jika, ya nuna mini ruwa ya ce, "Amarya, diba can. Kin ga sun yi ɗiya?" In duba in ga gungun ƙananan kifi baƙi-baƙi suna bin uwarsu. Wata rana na tambaye shi ko gaskiya ne tafkin ya zama na Turawa. Ya daɗe yana juya ludayi, sannan ya ce in kwashe ƙwarya in tafi gida rana ta yi.

Shekara ta zagayo, damina ta sake wucewa, aka yi girbi. Ran wata Lahadi da safe sai ga ƙaramar mota ta tsaya a bakin tafki. Turawa biyu suka fito da tafintansu, da kujerun naɗewa, da dogayen sandunan fatsa masu ƙyalli. Kafin su zauna gari ya fito, maza da yara, mata kuma suna leƙe ta kan danga. Babana ya matso kusa da kakana, ya ce, "Baba, ka gani? Wanga shi na abin da anka ce. Don wanga ka tsai da ni?"

Kakana ya juya. Ya shiga gida ya sa babbar rigarsa ta Jumma'a, ya fito ya nufe su. Na bi shi a baya, ba wanda ya kula ya hana ni.

Muna isa, babban cikinsu ya ja zare, sai ga karfasa ta fi tafin hannun babana faɗi, tana ta ɓalli-ɓalli a rana. Ya riƙe ta ya jujjuya, ya cire ƙugiyar, ya sunkuya ya mayar da ita ruwa. Na ji wani a bayanmu ya ce, "Kai! Wanga lahiya tai ƙalau?"

Kakana ya yi sallama, ya ce wa tafinta, "Tambaya mini shi, tabkin ga na wa na?"

Tafinta ya faɗa. Baturen ya yi magana mai tsawo yana nuna ruwa da hannu. Ban san tsawonta a agogo ba, amma ni a ranar na ji kamar ba za ta ƙare ba. Da ya gama, tafinta ya ce kifi ya girma ya hayayyafa, abin da suka zo gani ke nan. An ɗage doka. Sarkin ruwa ya sa ranar su duk lokacin da ya ga dama, sai dai a riƙa barin ƙanana. Su kuma suna so a bar su su riƙa zuwa da fatsarsu jefi-jefi.

Kakana ya gyara rigarsa ya ce, "Ce mishi ba a hana baƙo ruwa. Amma in ya kama shi tahi da shi gida a dahwa mishi. Abinci na."

Tafinta ya faɗa, Turawan suka yi dariya, kakana ya juyo. Ya taho a miƙe har ya iso gindin giyayyarsa, nan ya zauna daɓas a ƙasa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Sai a lokacin na gane shi ma bai san amsar ba, duk tsawon shekarar nan. Ya ba da amanarsa ne kawai ya zauna yana jira, kamar kowa. Babana ya zo ya durƙusa gabansa, ya ce, "Baba, ka gahwarce ni." Kakana ya dafa kansa ya ce, "Tashi ka gaya ma mutane. Ni ba ni iya ɗaga murya."

Ba zan manta guɗar da ta tashi daga bayan danga ba. Ran su kuwa, makaɗa suka zo har daga Rabah. Kakana ya shiga ruwa ya yi addu'a, ya ɗaga hannu, gari ya ruɗe ya faɗa tafki. Homa ba ta fitowa wofi. Inna ta kori kaji ta hura wuta, hayaƙi ya game unguwa, ta kama waƙa tana jera kifi. Kakata ta yi kwana biyu tana cika baki, a na uku na same ta bayan rumbu da kan karfasa a hannu. Ta harare ni ta ce, "Mi kika kallo? Ɗanɗana gishiri nika yi." Babana kuma ya sauke ƙullin nan daga rataye, ya ba Inna ta wanke tufafin da suka yi wari.

Turawan sun dawo wasu lokuta, daga baya muka daina ganinsu, sai kuma muka ji an ce mulkinsu ya ƙare.

Yau kifi ba ya jiran gulbi. Jikana yana kiwon tarwaɗa a kwamin siminti a bayan gida, yana ba su abinci daga buhu, ba ya neman izinin kowa, ba kuma wanda ke taruwa ranar da zai kwashe. Tun da aka yi madatsar ruwa ta Goronyo tafiyar gulbi ta sake, tafkinmu ya ƙafe ya zama gona. Rabona da ƙauyen tun kafin hanya ta lalace da ɓarayin daji. A zuwana na ƙarshen nan na sa aka kai ni wurin, na tarar da wani saurayi yana ban ruwa da inji a tsakiyar albasa. Na ce masa inda yake tsaye ɗin nan, da ruwa ya shanye shi har kai. Ya dube ni ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi, ya ce, "To, Hajiya." Sannan ya tuge albasa ya cika mini gefen mayafi, ya raka ni har bakin hanya.