Sumaila da Baƙinsa na Cikin Kwalba

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Sumaila a nan Sabonjida ya san hannu ɗaya yake miƙowa, na hagun yana manne da haƙarƙari. Baƙo sai ya ɗauka shanyewar hannu ce. Ina! Kwalba ce a hammatarsa, cike da ruwan tumbin saniya, an liƙe bakinta da kakin zuma. In ka matso za ka rungume shi sai ya ja baya ya ce, "A hankali, baƙina na barci."

Ni Ɗanjuma mahauci, tare muka tashi da shi, saboda haka ba wanda ya sha wahalarsa kamata. Zamanin Turawa ya samu aiki a ɗakin binciken likitan shanu, wani Bature da ke neman dalilin kumburin cikin dabbobi. Shi ya nuna masa cewa a cikin tumbi akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, suna cin abin da saniya ta ci, suna gyatsa, gyatsar tasu kuma tana kama wuta. Sanyi na sa su kasala, iskar waje kuwa kashe su take yi. Baturen na da akwati mai ɗumi da yake ajiye nasa. Sumaila ba shi da akwati, sai hammata.

Ba don nishaɗi ya ɗauko wannan hauka ba. Kun san matarsa Adiza mai koko. Hayaƙin murhu ya ci mata ƙirji, tari har ta riƙe bango. A asibiti aka ce ko ta bar hayaƙi ko hayaƙi ya kai ta kabari. Ita kuma ta ce ba a haifi wanda zai raba ta da tukunyarta ba. Sai Sumaila ya rantse zai kawo mata wutar da ba ta hayaƙi.

Daga nan na shiga uku. Kullum da safe yana tsaye a mayanka kafin saniya ta gama shure-shure.

Na ce, "Sumaila, ga hanta, ga tsoka, ɗauki ka kai wa Adiza."

Ya ce, "Riƙe namanka. Fasa mini tumbin tun da zafinsa."

"Kai, mutane na kallo fa! Abokina guda, abin da nake zubarwa kake roƙo?"

"Ai shi ya sa ba ka ci gaba ba, Ɗanjuma. Kana sayar da gida, kana zubar da masu gida."

Ranar sunan ɗana Haruna kuwa, har yau ban gama yafe masa ba. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, ya bar kwalbar a gida. Ya ce to. Ya zo cikin babbar riga, hannu a manne, na san an cuce ni. Rana ta yi zafi, tsakar gida ta cika, liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai muka ji fau! Murfi ya yi sama. Wari kuwa, subhanallahi! Dattawan unguwar Tishigu suka miƙe ba sallama, wani ya bar takalminsa. Ni ina neman inda zan ɓoye fuska, shi yana durƙushe yana toshe bakin kwalba da babban yatsa.

Na ce, "Ka kore mini baƙi!"

Ya ɗago ido jawur ya ce, "Naka gudu suka yi, za su dawo cin tuwo. Nawa fa mutuwa suke yi!"

Da ya ji kuma irin waɗannan halittu na zaune a ƙasan taɓo, sai ya ja ni wani kududdufi a Nyohini wai mu je gaisuwa. Ya shiga har gwiwa, yana caccakar laka da sanda, kumfa na tasowa, yana tare ta da ƙwarya a kife. Matan ƙabilar Dagomba masu wanki suka bar wanki suna kallo. Ya ce in kyasta ashana. Na ce ba ruwana. Ya kyasta da kansa, ya leƙa ƙarƙashin ƙwaryar, bal! Rabin gemu ya tafi, gira duka biyu suka bi shi. Ya fito yana ƙauri, baki har kunne, yana cewa, "Ka gani? Suna da ƙarfi, wallahi suna da ƙarfi!" Adiza ta gan shi ta ce in wutar da ba ta hayaƙi ke nan, to gemunsa dai ya yi hayaƙi.

A ƙarshe ya samo tsohon duro, ya cika shi da kashin shanu da ruwan tumbi, ya liƙe da kwalta, ya ja tiyo zuwa madafa. Aka jira, shiru. Lokacin sanyi ne, baƙi sun ƙi motsi, tarin Adiza kuma ya tsananta har ina ji daga gidana. A nan dariyata ta tsaya, gaskiya na ji tsoro. Sumaila, mutumin da riga ɗaya yake Sallah da ita shekara da shekaru, ya ɗauko wannan rigar ya sa wa duro. Ya lulluɓa masa bargonsa. Shi ya koma yawo da 'yar shara, haƙora na kaɗawa. Masu wucewa suna gaida duro, "Alhaji, ina kwana?"

Wata safiya ya aiko a kira ni. Na tarar ya kyasta ashana a bakin tiyo, ya ja da baya yana kallon matarsa. Rana ta haska madafar, wutar kuwa shuɗiya ce siririya, ba ta ko ganuwa.

Adiza ta ce, "To, malam, ina wutar?"

"Ga ta nan."

"Ni za ka mayar mahaukaciya?" Ta kai hannu. "Wayyo Allah!"

Ta tsotsi yatsa, ta harare shi, ta ɗora tukunya. Ruwa ya tafasa, ba wanda ya yi tari. Ta dama koko ta ɗanɗana ta ce bai kai na itace daɗi ba. Sumaila ya juya baya wai yana gyara wa duro riga, amma na ga hawayensa.

Tari ya yi sauƙi. Matar da aka ce ba za ta kai baɗi ba, ita ta yi masa takaba, ga ta can zaune tana hararata. Washegarin ranar da muka binne shi, gida cike da masu ta'aziyya, ta sa aka kira ni. Na ɗauka maganar sadaka ce. Ta miƙo mini bokiti daga bayan labule ta ce, "Malam Ɗanjuma, je ka mayanka. Tun jiya baƙinsa ba su ci komai ba."

Na karɓa na tafi, ina kuka a hanya kamar yaro.

Allah Ya jiƙan Sumaila. Yadda ya hana kansa bargo don wata ta yi numfashi, Allah Ya lulluɓe shi da rahama, Ya karɓi baƙuncinsa. Amin.