Yajin Aikin Mutum Ɗaya a Riyad

Kaduna zuwa Jidda

Tun kafin assalatu na bar Kakuri, na shiga tasi mai zuwa Kano. Ƙanena Sale ne inji ya cinye wa yatsu uku a wata masana'antar roba a Riyad, kafilinsa kuma, Balaraben da ya ɗauke shi aiki, ya riƙe fasfo ya hana shi takardar fita. Wani likita ɗan garinmu da ke can ya samo mini bizar ziyara. Na daɗe ina wakilin ƙungiyar ma'aikata a masaƙa kafin a sallame mu, don haka nake ganin babu manajan da zai gagare ni.

Jirgi ya yi lattin da ya saba. Da la'asar muka sauka Jidda, ƙafafuna duk sun kumbura.

Jidda zuwa Riyad

Bas na shiga. Bayan Ɗa'ifa aka tsaya cin abinci, shinkafa da rabin kaza riyal goma, ba yaji ba komai. A kowane shinge soja zai leƙo ya nemi takardar zama, ya ce, "Iƙama!" In miƙa fasfo, ya juya shi kamar ya tsinci mushe. Na tambayi direba, wani ɗan Sudan, ko saura nisa. Ya ce, "Ya haj, kwanta. Yashi ne har gobe."

Riyad

Likita ya sauke ni a gidansa a unguwar Malaz. Ya ce, "Yaya, nan ba Kaduna ba ce. Ka kama bakinka." Na ce to.

Washegari ya kai ni Birnin Masana'antu na Biyu. Na tarar da Sale ya rame, hannu a naɗe, yana shara da ɗaya hannun. Na je wurin mudir, wato manaja. Ya ce, "Bukra, in sha Allah," wato gobe. Na koma, bukra. Na sake komawa, bukra.

Sai na yi abin da na iya. Lokacin cin abincin rana na hau kan duro, na ɗaga murya da guntun Turancina na ce kowa ya ajiye aiki sai an ba Sale fasfonsa. Kafin in rufe baki, 'yan Pakistan da 'yan Filifin kowa ya suri kwanonsa ya ɓace. Sale ya kama ƙafar wandona. "Yaya, don girman Allah sauko! So kake a kwashe mu?"

Mutum ɗaya ya rage, wani tsohon Bature mai gyaran injuna, yana dariya har da tari. Ya miƙo mini shayi. Ya ce kakanninsa ma 'yan masaƙa ne a Ingila, kuma ba kan duro suka fara ba. A ɓoye suke haɗuwa a ƙuryar ɗaki, su yi rantsuwa ba mai tona wani. An ɗaure wasu, an zuba wasu a jirgin ruwa an kai su uwa duniya. Sai jikoki ne suka sami bakin magana a fili. "Kai ka zo jiya, kana son ka fara daga ƙarshe."

Na ce, "To ina ƙungiyar taku, da ka zo nan cin rana?"

Ya ce, "An rufe masana'antar tamu." Ya shanye shayinsa.

Washegari da safe Baturen ya kashe babban injin, ya jawo kujera ya zauna. Mudir ya fito yana kumfar baki. Bature ya ce, "Injin nan ba shi da lafiya, nama yake ci. Ina jin ba zai warke ba sai mai yatsun ya tafi gida." Aka yi ta buga waya. Kafin la'asar sai ga fasfo da hatimin fita. Da ni ko Sale muka yi haka, da yanzu muna ɗaure. Shi fasfonsa na aljihunsa.

Komawa gida

Daga Riyad jirgi muka hau zuwa Jidda, daga nan Kano. Hannun Sale na cikin aljihu har Kakuri. Da aka kawo tuwo dole ya fito da shi. Inna ta kama hannun, ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce, "Alhamdu lillahi, sauran ya dawo."

Na gode wa Allah. Na gode wa likita da matarsa da suka ci da ni. Na gode wa Baturen nan, ko sunansa ban tambaya ba. Kafili kuwa, Allah ya isa.