Ranar da Aka Yanke Ragaya

Na yi shekaru ina aikin malamin gona, kuma tsufa ya fara kwashe mini labaran wancan zamani, amma akwai wunin wata damina da na san ba zai bar raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin nan ne kuɗin mai ya cika ƙasa, gwamnati na sayo kaya ido rufe. Ni mutumin Ƙanƙara ne, aka tura ni ƙasar Faskari in riƙa koya wa manoma sa takin zamani. Ofishinmu ya samu wasu babura masu ƙafa uku da ƙattan tayoyi, waɗanda ke ratsa taɓo da yashi inda mota ba ta isa ta bi ba. Nawa ya riga ya sha wuya a hannun wasu kafin ya zo gare ni. Ba a taka shi da ƙafa, turi kuma ba ya tayar da shi. Igiya ce a gefensa ake fizga, ta koma ciki da kanta. Mutanen ƙauye suka raɗa masa Kwaɗo, ni kuma na zama Malam Mai Kwaɗo, ko ina so ko ba na so.

Ran nan da hantsi na shiga wata unguwa a bayan Tafoki, sai na tarar da mutane sun yi cirko-cirko a ƙofar wani gida. Kububuwa ce ta sari wani saurayi yana cikin noma. Sun ɗaure ƙafar, mai magani ya ba shi abin da zai ba shi, amma da na buɗe bakinsa sai na ga dasashinsa na tsattsafo da jini. Na san aikin wannan macijiyar. Na ce da mahaifinsa, "Baba, sai asibiti. Ni zan kai shi Faskari yanzu."

Dattijon ya ɗaga kai ya dubi gabas, ni ma na duba. Hadari ne ya haɗo baƙi ƙirin. Tsakaninmu da babbar hanya akwai rafi, kuma kowa ya san in ruwa ya sauka a tudu, rafin nan sai ya wuni bai bar kowa ya ƙetare ba.

Ina durƙushe kan ƙafar sai na ji wata ƙara a waje, ƙwas! Na fita da gudu. Ƙanin mahaifin yaron ne, wani ƙato wanda aikinsa shayar da shanu a rijiya, tsaye da guntun igiya a hannu. Wai ya ga kada a ɓata lokaci, gara in fito in tarar da Kwaɗo ya tashi. Bawan Allah bai san ana fizga ne a saki ba. Ya kafa ƙafa ya ja ta hannu bi hannu kamar yana jan guga, da ta zo ƙarshe ta ƙi, sai ya ƙara ƙarfi.

"Malam, wallahi ja ɗaya na yi mata," in ji shi.

"Ai na gani," na ce. "Ka ciro guga, sai dai ba ruwa."

Ni mai saurin fushi ne, amma ranar ba lokacin faɗa. Na ciro sifana na kwance murfin gidan igiyar. Ina ɗaga faifan da igiya ke naɗuwa a kai, sai sifirin ya yi tsalle ya warware a ƙasa. Wani siririn ƙarfe ne mai tsawo da ake nannaɗewa a ciki, shi ke mayar da igiya. Ƙugiyar bakinsa ta miƙe. Na sa aka kawo garwashi na gasa bakin, na lanƙwasa da filaya, na shiga nannaɗe shi cikin gurbinsa. Sai na kusa gamawa ya kuɓuce ya tsage mini yatsa. Na sake. Jini da baƙin mai sun cakuɗe a hannuna, iska kuma ta fara kaɗa ganyen dawa.

A duk wannan abu akwai sautin da ya fi ci mini rai: daka. A tsakar gida mahaifiyar yaron ke daka gero, lugude ba fashi, ɗanta na kwance a zaure yana nishi. Ɗan farinta ne. Na san kunyar ɗan fari, a gidanmu ma ana yi. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi gaban mutane. Amma ban taɓa zaton ana kai ta har bakin kabari ba. Ko leƙowa ba ta yi ba. A raina na ce wannan ba kunya ba ce, taurin zuciya ne.

Da ƙyar sifirin ya zauna. Saura igiya, a nan kuma aka tsaya. Guntun da ya rage bai kai kamu biyu ba. Aka kawo igiyar guga, ta yi kauri, ba ta shiga ramin faifan. Na gwada naɗa ta a kan injin kai tsaye, ta sulluɓe. Aka kawo ta rama siririya, fizga ɗaya ta tsinke. Wani ya kwance mazagin wandonsa ya miƙo, wani ya ruga neman maharbi ko za a samu tsirkiya, aka ce ya shiga daji tun asuba. Sai ga yayyafi ya fara sauka a kan tankin mai.

"Malam, ka bari," in ji mahaifin a hankali. "In kwana ya ƙare, ba mai ƙara mashi."

"Baba, siririya nake nema mai ƙarfi, irin ta roba ɗin nan da ake sayarwa a kasuwa. Duk garin nan babu?"

Sai dakan ya tsaya.

Jim kaɗan muka ji rugugi daga cikin ɗaki, ƙorai na fashewa, kwanoni na gangarawa. Mata suka yi salati. Sai ga uwar yaron ta fito da wuƙa a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da shuɗiyar igiyar roba. Ragayarta ce, wadda ke rataye da ƙorai da kwanonin da ta tara tun aurenta. Ba ta tsaya sauke komai ba, ta yanke ta daga sama. Ta wuce ta zaure, ta gefen ɗanta, ba ta dube shi ba, ta ajiye igiyar a gabana.

"Malam, duba ko wagga ta yi. Dama ta tsare mani ɗaki."

Na warware saƙar, na zaɓi zare mafi tsawo. Na ƙona bakinsa da garwashi, na zura a ramin, na ƙulla. Na murza faifan baya har na ji sifirin ya ɗauki nauyi, na ɗaura mariƙin, na mayar da murfi. Na yi bisimilla na fizga. Kwaɗo ya yi tari ya yi shiru. Na sake, shiru. Ruwa na bin fuskata, ban san ko na sama ba ne ko gumi. Na ja cok don injin ya sha mai, na fizga da duk abin da ya rage mini, sai injin ya kama da ƙara, hayaƙi ya turnuƙe.

Aka ɗauko yaron aka ɗora a bayana, amma jikinsa ya saki, ba zai iya riƙe ni ba. Ana ta shawarar yadda za a yi, sai uwar ta kwance zanen da ta yafa ta miƙa wa ƙanin mijinta, ƙaton nan da ya tsinka igiya. Fuskarta na kallon katanga ta ce, "A goya shi. A bi da zanen ƙarƙashin hammata. Kuma a tallabe ta hagu, nan kanshi ka faɗuwa in shina barci."

Haka na goyi ƙaton saurayi kamar jariri. Da muka isa rafin ruwa ya fara jan ƙasa, ya kai rabin taya. Na san in injin ya mutu a tsakiya, ba ni da hannun sake fizga da mutum a bayana. Na riƙe mai, ina jin Kwaɗo na neman shawagi, ina jin kan yaron a kafaɗata ta hagu, daidai inda ta ce. Muna hawa gaɓa na waiga na ga jan ruwa ya taho da itace ya rufe inda muka bi.

Allah ya sa da sauran kwana. Daga Faskari aka wuce da shi babban asibiti a mota, aka yi masa allurai, jinin ya tsaya. Sai da rafin ya janye na koma unguwar da labari. Na faɗa wa mahaifin a ƙofar gida, na kuma ɗaga murya da gangan don na ciki su ji. Maza suka yi ta hamdala. Ita ba ta fito ba, ba ta aiko da tambaya ba.

Ina shirin tafiya wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta tare ni. "Malam, Allah shi biya ka. Rai biyu ka ceto. Tun ranar da kuka tahi, baiwar Allah nan ba ta sa komi a baki ba sai ruwa. Yanzun nan ta ce a ɗumama mata tuwo."

Na zauna a kan babur na kasa ko da kai hannu ga igiyar, idona ya cika da ƙwalla. Tun daga ranar ban ƙara auna ƙaunar mutum da yawan kukansa ba. Wanda ka ga ya yi shiru a bakin masifa, kada ka yi saurin yanke masa hukunci, don wataƙila shi ne ya fi kowa ƙonewa a wurin.