Ruwan da Muka Riƙa Watsa wa Ƙanena

A gidanmu na unguwar Sintali a Jalingo, in mutum ya yi shiru fiye da kima ba a tambayarsa lafiya, buta ake ɗaukowa. Haka muka gada. Wanda ya suma, ruwa. Wadda aka kawo wa labarin rasuwa, kafin ta ƙarasa salati an jiƙe ta har zani. Ni kaina an taɓa sheƙa mini kofi guda ina tsakiyar tunanin abin da zan ci da rana.

Ƙanena tela ne. Wata damina suka tafi ɗaurin aure ƙetaren kogi, kwale-kwale ya kife da su. Shi ya rungumi wata jarka har masunta suka tsamo shi. Abokinsa da suke zaune kafaɗa da kafaɗa bai fito ba.

Ya dawo gida ko ƙwarzane babu, muka yi sadakar waina muka ce magana ta ƙare. Ashe ba ta ƙare ba. Yana cikin yanka yadi sai ya tsaya cak, almakashi a buɗe, ido a buɗe, amma babu kowa a ciki. In ya dawo hayyacinsa sai ya ce ji ya yi kamar daga nesa yake hangen kansa, hannuwan nan ma ba nasa ba ne. Wata rana can Abbare, nesa da shagonsa, ya tsinci kansa, tef a wuya, bai san ƙafar da ta kai shi ba.

Mu kuwa masu jinya muka tashi haiƙan. Goggo da butarta, matarsa da kofin silba, maƙwabcinsa mai wankin mota da bokiti. Ruwan da muka zuba wa bawan Allahn nan, da gona aka kai shi da Taraba ta ciyar da Najeriya shinkafa. Duk sa'ad da muka watsa masa sai ya zabura yana fafutukar numfashi yana kai hannu sama, mu kuma mu ce, "Kun gani, ya motsa, a ƙaro!"

Sunayen cutar kuwa sun fi yadin shagonsa yawa. Mai kemis ya ce taifot ne ya hau kai. A asibiti aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai, aka ce ƙalau yake, har ya fi ni lafiya. Sai Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda tun rasuwar Baba shi ke yanke magana a gidan, ya yanke: aljanar ruwa ce ta aure shi. Na ce, "Baffa, ita ma aljanar ba ta yi bincike ba, tela fa? Alƙawarinsa ma ba ya cikawa." Bai yi dariya ba. Ya ce za a kai shi wurin wani mai magani a bayan duwatsu, inda ake sa wa mutum mari a ƙafa a yi ta zuba masa bulala sai aljanar ta faɗi sunanta. Na san wani da ya dawo daga can. Ya warke sarai: ba ya magana, ba ya dariya, ba ya komai.

Da ƙyar na roƙi arziki a fara gwada ɓangaren masu lura da ƙwaƙwalwa, inda likita ya tura mu. Baffa ya biyo mu don ya ga faɗuwar boko da idonsa.

Wata ma'aikaciya muka tarar, 'yar nan garin, Hausarta irin ta kasuwa, ba ado. Ta fitar da mu ta zauna da ƙanena shi kaɗai, sai da ƙafata ta yi sanyi a benci sannan ta kira mu.

Baffa bai ko zauna ba ya ce, "To 'yata, mene ne sunanta?"

"Baba, ba hauka ba ne, ba farfaɗiya ba. In tsoro ya fi ƙarfin mutum, hankali yana iya janyewa ya bar jiki. Ranar kogin, wannan ya taimake shi. Yanzu abin ya ƙi dainawa. Irin wannan yana da dangi da yawa, nasa bai zauna daidai cikin suna ɗaya ba tukuna."

"Cuta ba suna? Ko akuyar gidana tana da suna!"

"Za mu iya fara aiki ba suna, Baba. In ya tafi haka, me kuke yi masa?"

Goggo ta gyara mayafi, ta amsa da alfahari, "Ruwa muke watsa masa. Ba mu taɓa sakaci ba."

Matar ta dubi Goggo, ta dube ni. "A fuska?"

"Har hanci," in ji Goggo.

"Mama, mutumin da ya kusa nutsewa?"

Dangi guda, da masu furfura da masu satifiket, mun tsamo mutum daga kogi mun dawo da shi gida, sannan muka riƙa kawo masa kogin a buta, safe da yamma.

Abin da ta koya mana ya yi arha har ya ba Baffa haushi. A kira sunansa a hankali. A ce ya taka ƙasa da tafin ƙafa ya ji taurinta. A sa masa yadi a hannu ya murza, ya faɗi launinsa. A ba shi citta ya shinshina. A gaya masa inda yake. Ta kuma hana a sa shi maimaita labarin kogi ga kowane mai zuwa jaje. Wannan hira tasu ce, shi da ita, duk mako, kaɗan-kaɗan, sa'ad da ya shirya. Masu jajen ni na karɓe su. Duk wanda ya ce "To yaya aka yi ne?" sai in tare shi da tarihin basir ɗina tun daga farko. Ba a jima ba ƙafa ta ɗauke.

Baffa dai bai sauka daga bakansa ba. Wata safiya muna shagon, ni da Goggo da matar ƙanena, sai ya iso da motar haya, direba na jira, igiya a but ɗin motar. Ganin motar kawai, hankalin ƙanena ya tafi, ya bar shi tsaye jikin keken ɗinki. Hannun Goggo ya nufi buta da kansa, na dafe shi.

Matar ƙanena ta matso. Ta cire masa takalmi, ta damƙa masa wani ƙyalle. "Baban yara, kana shagonka. Jalingo ce nan. Ƙasa ce a ƙarƙashinka, taka ka ji. Wane launi ne wannan?"

Direba ya gaji da jira ya kashe mota. Sai yatsunsa suka fara murza ƙyallen.

"Kore," ya ce. Ya ɗago ya dubi motar, ya dubi Baffa. "Baffa, ban warke ba, na sani. Amma ina dawowa da wuri yanzu. Don Allah kar ka kai ni a ɗaure ni."

Baffa ya daɗe yana tauna goron da babu shi a bakinsa. Can ya leƙa waje ya yi wa direba hannu ya tafi. Ya zauna a benci, ya ce shi dai har gobe aljana ce, sai dai da alama irin masu jin lallashi ce. Daga nan ya jawo ni gefe, ya rage murya.

"Kai, sarkin surutu. In abin ya zo ina kusa, me ake fara ce masa?"

Na koya masa. Har yau in ya faɗa, kamar ɗan kamasho yake kiran fasinja a tasha, "JALINGO CE NAN!" Muna nan muna aikin rage masa murya.