Labbo na Gulma da Takardun Dangwale

A Gulma, idan shinkafar fadama ta nuna, zauren Labbo ake fara zuwa kafin gona. Ba shi da sarauta, gonarsa ma ba ta kai a yi zancenta ba. Sana'arsa haɗa hannu ce. Mai gona ya zo ya ce yana son mutum goma ranar Laraba, Labbo ya lumshe ido ya ƙirga, ranar Laraba kuwa mutum goma su sauka da laujensu. Wajen kawunsa ya gaji abin, ya yi shekara talatin yana yi ba tare da takarda ba. Ya san mai saurin yanka amma mai zubar da zangarniya, ya san 'yan'uwa biyun da ba a haɗa su layi ɗaya. Idan ya ce wa mutum akwai aiki, mutumin ba ya tambayar a ina.

A kaka ta biyu bayan an ba Kebbi jiha, wani saurayi ya sauka daga babur ɗin kabu-kabu a ƙofar zauren Labbo da jaka a kafaɗa. Sunansa Zulkifli, ɗan Badariya ne a Birnin Kebbi, ya gama jami'a da bautar ƙasa, bai sami aiki ba. Ya lura ana ta gine-gine a sabon babban birnin, 'yan kwangila kuma daga nesa suke kwaso leburori. Sai ya yi tunanin buɗe ofis da zai riƙa haɗa masu neman ma'aikata da masu neman aiki. Kafin ya buɗe, yana so ya san ko abin zai karɓu. A Argungu aka ce masa ya nemi Labbo.

"Baba, ba aiki na kawo ba," in ji Zulkifli bayan gaisuwa. "Tambayoyi kawai nake yi, in ga ko tunanina zai yiwu."

"Yi tambayarka, ɗana," in ji Labbo. "Mu nan ba mu da abin ɓoyo sai tuwo, shi ma don bai da yawa."

Da la'asar ya tara masa mutum goma sha tara. Zulkifli ya ɗauki takarda ɗaya ga kowa: sunanka, sunan mahaifinka, aikin da ka iya, ko za ka iya zama a birni. A makaranta an koya masa cewa wanda aka yi wa tambaya ya kamata ya sa hannu don nuna yardarsa. Da yake yawancinsu ba su yi boko ba, sai ya fito da tawada, kowa ya dangwala babban yatsa.

Labbo yana kallo. Sau ɗaya ya taɓa dangwala yatsa a takarda, yana saurayi, lokacin da aka zo ɗibar masu aikin hanya. Shi ma malamin da ya zo da takardar a lokacin cewa ya yi sunaye kawai yake ɗauka. Bayan sati biyu babbar mota ta zo ta kwashe su. A sanin Labbo, mai aiki a hannu ba ya faɗa da baki, don kada gari ya taso masa. Yatsa shi ne alkawari.

Matarsa Kulu ce kaɗai ta yi shakka. "Malam, ka dubi takalmin yaron nan kuwa? Mai raba aiki ba ya zuwa bisa kabu-kabu."

"Ke takalmi kinka gani, ni tawada na gani," ya ce mata.

Da aka gama girbi, maza suka fara shirin cirani kamar kowace shekara, don abin da suka samo a kudu shi ke riƙe gida har sabon hatsi. Hodi, mai 'ya'ya shida, ya zo sallama da tabarmarsa a ɗaure.

"Kwance kayanka," in ji Labbo. "Mota na zuwa. In ta zo ba ka nan, wa za ka zarga?"

Hodi ya kwance. Sauran goma sha takwas ma suka zauna. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Duk ƙarar mota da aka ji daga hanyar Argungu sai wani ya leƙa. Rumbuna suka fara amsa kuwwa tun hadari bai taso ba. Aka sayar da akuyar Hodi, sannan ragar kamun kifinsa.

Ran nan Labbo ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi Birnin Kebbi. Ya sha tambaya kafin ya sami gidan a Badariya. Zulkifli ya yi murna da ganinsa, ya kawo ruwa, ya shiga ba shi labari: ya zaga 'yan kwangila, kowa ya ce yana da mutanensa, ba ya bukatar ofis. Ya haƙura da tunanin tun watanni uku.

"To," in ji Labbo. "Motar fa, yaushe?"

"Wace mota, Baba?"

Labbo ya dube shi, ya dubi wani kwali da Zulkifli ya jawo daga ƙarƙashin gado, takardun dangwalen na ciki har sun yi ƙura. Sannan ya faɗa masa a hankali mutum nawa ne ba su je cirani ba. Zulkifli ya ajiye kofin da ke hannunsa.

"Amma na faɗa, Baba. Na ce ba aiki ba ne."

"Ka hwaɗi. Ban ce ba ka hwaɗi ba."

"Bari in bi ka yanzu, in tsaya gabansu in yi bayani."

"Ba kai sunka ji ba, ɗana, ni sunka ji. Ba ni takardun."

Labbo ba ya karanta boko, don haka Zulkifli ya rubuta sunan kowa da ajami a bayan takardarsa. Washegari Labbo ya bi gida goma sha tara, yana miƙa wa kowa takardar yatsansa. Bai ambaci yaron ba. Cewa yake yi, "Ni na tsai da kai, kuma babu mota." Hodi ya karɓi tasa, ya ninke ta huɗu, ya ce, "Allah shi kyauta, Baba Labbo," ya koma ciki bai yi masa rakiya ba.

Ba wanda ya zage shi. Ana gaishe shi a masallaci kamar da. Amma da kaka ta zagayo, wani mai gona ya zo neman mutum goma, Labbo ya lumshe ido ya ƙirga, ya aika musu. Ranar Laraba mutum uku suka sauka, su ma sai da suka fara zuwa wurin mai gonar suka ji daga bakinsa.

Labbo ya tsaya a bakin fadama har hantsi yana duban hanya. Daga nan ya koma gida, ya ce wa Kulu ta nemo masa tsohon laujensa. Ta same shi a bayan rumbu, ya yi tsatsa. Ya wasa shi a dutse, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga layi na huɗu.